Sawun da Bai Juya Baya Ba

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana tsakiyar rabon waina da naman sadaka a gidan Madugu Sambo da ke zangon Salaga, aka nemi akwatin kakanni aka rasa, sama ko ƙasa.

In ba ka san gidan ba, to bari in gaya maka. Madugu Sambo ya zo ne daga Kano da ayarin jakuna neman goro, garin ya karɓe shi, ya zauna. 'Ya'yansa maza uku ne suka fitar da sunan gidan. Labaran ya riƙe fataucin goro a Salaga. Yahuza ya zama manzo, yana kai wasiƙu tsakanin fadar Yendi da sarakunan kewaye da Turawa. Autansu Tanimu kuwa ya yi akawu da tafinta a ofishin Turawan mulki a Bawku. Abin da suka bari yana cikin wani akwatin ƙarfe mai nauyi: wuƙar goron Madugu, wasiƙun sarakuna na ajami, da lambar yabon da aka rataya wa Tanimu tare da takardun ofishinsa. Sau ɗaya a shekara jikoki ke taruwa, a fito da shi, a yi wa magabata addu'a, a mayar. Juma'ar nan ce taron bana.

Ɗakin da ake ajiye shi ba shi da kwaɗo, don wa zai taɓa? Ai kuwa an taɓa. Kafin a gama salati, idanu sun koma kan Iya Memuna.

Tsohuwa ce mai shekara sittin da 'yan kai, a gidan aka haife ta, kuma ita ke share ɗakin ta zuba sabon rairayi duk Alhamis. Kakarta baiwa ce da Madugu ya saya a kasuwar Salaga, abin da ba a faɗa sai an yi fushi. Ranar kuwa an yi fushi.

"Memuna," in ji Alhaji Osman, jikan Labaran, wanda ke riƙe da gidan, "na ba ki zuwa Juma'a mai zuwa. In akwati bai fito ba, ki kwashe komatsanki, 'yan sanda su ji da sauran."

Ba ta da ɗa, ba ta da wani gida a duniya. Ta dube shi, ta sunkuya ta ci gaba da kwashe kwanoni.

* * *

Faridatu, 'yar Alhaji Osman da ke karatun tarihi a jami'a, ita ce ta je washegari ta ɗauko Baba Zibrim a kan babur. Zibrim mai bin sawu ne. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata wa 'yan kasuwar Bawku, har gwiwa ta ƙi, ya dawo Salaga wurin 'yarsa. Mutum ne mai ƙaramin jiki da ƙaramin haƙuri, kuma bai yarda da kowa ba sai ƙasa.

Da ya leƙa ɗakin sai ya yi tsaki.

"Garke aka shigar nan? Mutum nawa suka taka?"

"Kowa da kowa, Baba. Da aka ce babu, sai aka ruɗe."

Tsakiyar ɗakin duk an dagula ta da takalma. Zibrim ya durƙusa da ƙyar ya bi gefen bango yana rarrafe, yana gunaguni. Can kusa da dakalin da akwatin ke zama ya tsaya. Sawu bakwai suka tsira, na ƙafa ba takalmi. Rairayi mai laushi ba ya faɗin girman ƙafa, amma yana faɗin yadda aka taka. Uku na mai shiga ne. Huɗu kuwa yatsu ne suka fara nutsewa kafin diddige, takun gajere, kuma sun fi zurfi. Duka bakwai ɗin dakali suke fuskanta.

Mutumin ya fita ne da baya, ɗauke da kaya mai nauyi.

Zibrim ya kife kwando a kansu. A ransa ya ce, wannan ai aikin tsohon ɓarawon shanu ne, su ne ke tafiya da baya don su ɓatar da mai bi.

Ya sami Iya Memuna a bayan madafa tana tsince wake.

"Ke kika ɗauka?"

"In kai shi ina, Zibrim? Ƙarƙashin tabarmata?"

"Wa kika gani ya nufi ɗakin?"

"Ina kan murhu tun hantsi. Ka tambayi hayaƙi."

"Wa kike zato?"

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Zato zunubi ne." Zibrim bai ji daɗin jim ɗin nan ba. Matar nan ta san wani abu, ta haɗiye.

Alhaji Osman kuwa yana rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa, ya amsa masa a tsaitsaye. Makullin akwatin yana wuyansa, in ji shi, ga shi nan. Shi da kansa ya ba Faridatu izinin ta ɗauki hoton takardun duka ranar Asabar, washegarin taro, ta sa a littafin da take rubutawa, kuma ya sanar da dangi tun wata guda. Baƙin da suka kwana a gidan biyu ne: Malam Abdul-Manan na Yendi, jikan Yahuza Manzo, da Hajiya Barikisu ta Bawku, jikar Tanimu Akawu, ita da direbanta. Duk sun tafi da asubar Asabar.

"Wane ne direban?"

"Samed ake ce masa."

Zibrim ya yi murmushin mugunta. Samed! Ai shi ya taɓa kama shi da shanu tara a hanyar Pusiga.

* * *

Yendi tana kan hanya, don haka nan ya fara sauka ranar Litinin, bayan mota ta gama girgiza masa ƙashi. Babura kamar ƙudan zuma. Gidan Malam Abdul-Manan ba ya ɓata, kowa ya san zauren da ake karatu.

Malam dogo ne fari, mai tsabta kamar ba a ƙasa yake tafiya ba. Ya karɓe shi hannu biyu-biyu.

"Ɗakin akwatin nan, rabona da taka shi tun bara," in ji shi. "Ina zaure tare da baƙi har aka yi kururuwa."

"Wa Malam ke gani?"

"Astagfirullah, ban son ɗaukar alhaki. Amma ka san hali zanen dutse ne. Jinin bayi, ko ka shekara ɗari kana ciyar da shi, hannu sai ya yi ƙaiƙayi." Ya gyara rawani. "Sai dai kuma, kada in ɓoye maka, 'yar'uwata Barikisu ta taɓa cewa wani mai sayen kayan tarihi daga Accra ya taya lambar kakanta. 'Yar kasuwa ce, ka gane."

Bakin da ya ce ba ya son alhaki ya ɗauki biyu cikin numfashi ɗaya. Zibrim ya ajiye wannan a gefe.

Malam ya tashi ya shiga ɗakin littattafansa, da ke cikin zauren, don ya ɗauko wa baƙo goro. Ya zare takalmi a bakin ƙofa. Da zai fito sai ya fito da baya, a hankali, ya saki labule, sannan ya juyo da fara'a. Ƙofar gajeriya ce, mutumin dogo ne, kuma kan Zibrim cike yake da Samed. Ya karɓi goronsa ya yi godiya.

Wallahi tsufa bai yi ba. Da a shekarun baya ne, da a nan aka gama magana.

* * *

Ranar Talata da la'asar ya isa Bawku, ya tarar da Samed a kasuwar dabbobi yana ɗaure wa mota taya. Da ganinsa Samed ya miƙe.

"Baba, na tuba shekara goma sha biyu ke nan. Me kuma ya ɓace?"

Zibrim ya ja shi gefe, ya zana masa sawun a ƙasa da tsinke, yana kallon idonsa. Samed ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya.

"Haba Baba! Da baya a cikin ɗaki? Ɗaki mai ƙofa ɗaya? Wa zan ruɗa, bango? Mu a bakin rafi muke yin wannan, ko a mararraba. Kuma ni in na shiga sata, in tsaya cire takalmi? Wannan ba ɓarawo ba ne, Baba. Wannan mai ladabi ne."

Kunya ta kama Zibrim har kunnensa ya yi zafi. Yau ga ɓarawo yana koya wa mai bin sawu karatu.

Hajiya Barikisu tana zaune kan buhunan masara a shagonta, waya biyu a hannu, murya kamar ta mai shela.

"Hajiya, kai ne ka ce za ka sayar da lamba?" Hausar Zibrim ta zango ce, in ransa ya ɓaci ba ta raba mace da namiji.

"Ke ake cewa, tsohon banza! Shekara nawa kana cin tuwon Hausawa? E, an taya, na kore shi. In sayar da kakana? Mutumin da ya tsaya gaban Bature ya fassara masa zagi ya zama gaisuwa, don kada a ƙone gari? Wa ya kai maka wannan gulmar? Yaya Abdul-Manan ko?"

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Su mutanen Yendi da iyayi! Gani suke su kaɗai suka gaji Madugu. Ka san muna yara, in an tara mu a Salaga, mu shiga ɗakin akwati mu fito da gudu, shi kuwa sai ya fito yana ja da baya kamar rago zai yi karo? Mu yi ta dariya."

Zibrim ya daina taunar goro.

"Da baya?"

"Da baya mana. Kakansu Yahuza ya kafa musu. Wai wasiƙar sarki sarki ce, ba a shiga mata da takalmi, ba a juya mata ƙeya. Da bulala ya koya wa 'ya'yansa, su ma suka koya wa nasu. Mu nan da na Salaga ba ruwanmu."

"Ko'ina suke yi? Ko ɗakin littattafai?"

"Ina! Akwatin kaɗai suke yi wa. In babu shi a ɗaki, tafiyarsu suke kamar kowa."

Zibrim ya tuna gajeriyar ƙofa da labule, da takalmin da aka zare. Ashe ya zauna a zauren nan taku biyar daga akwatin, yana cin goron mai shi! Ya miƙe har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Hajiya, ki sa Samed ya zuba mai. Za ki Salaga, kuma za ki biya Yendi ki ɗauko ɗan'uwanki."

* * *

Ranar Alhamis da hantsi suka hallara a tsakar gidan Madugu. Maƙwabta sun cika ƙofa, wasu har kan katanga. Iya Memuna tana tsaye nesa, ƙullin kayanta a gefen ƙafa. Ta riga ta ɗaure, ba ta jira Juma'a ba. Da Zibrim ya ga ƙullin nan, ɗan ƙarami, shekara sittin a cikin zane ɗaya, sai ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya sa ta zuba sabon rairayi a rabin ɗakin, aka bar kwandonsa inda yake.

"Ba rantsuwa zan ba ku ba," in ji shi. "Kowa ya shiga ya dafa dakali, ya fito. Shi ke nan."

"Wasan yara," in ji Alhaji Osman, amma ya shiga da takalminsa, ya dafa, ya juyo ya fito. Hajiya Barikisu ta shiga tana mita, ta fito tana mita. Faridatu ta bi. Iya Memuna ta cire silifa, ta dafa, ta juyo ta fito kanta a ƙasa.

Malam Abdul-Manan ya zare takalmi ya jera su. Ya shiga da bisimilla, ya dafa dakali. Nan ya ɗan tsaya. Wataƙila zuciyarsa ta ce masa juya, ai babu komai a wurin. Amma a ɗakin nan ƙafa ta shekara sittin tana yin abu guda, ba ta jiran shawara. Ya ja da baya, taku huɗu gajeru, har ya tsallake dokin ƙofa.

Zibrim ya ɗage kwando.

"Alhaji, zo ka duba. Ga na ranar Juma'a, ga na yanzu. Yatsu kafin diddige, fuska ga dakali. Bambancin ɗaya ne, na Juma'a sun fi zurfi, don mai su yana rungume da ƙarfe." Ya juya. "Malam, ka ce mini rabonka da ɗakin nan tun bara. Akwatin yana ƙirjinka ranar nan, to wa kake gudun juya wa baya? Kuma mene ne a ɗakin littattafanka na Yendi da ake cire wa takalmi a fito masa da baya?"



"Yaya?" in ji Hajiya Barikisu, kuma a karon farko muryarta ta yi ƙasa. "Yaya, ka ce ƙarya yake."

Malam ya nemi bango ya jingina. Carbinsa ya faɗi bai ɗauka ba.

"Yana can," in ji shi. "Ban buɗe ba, ba ni da makulli. Ban taɓa komai ba."

"To don me, Baffa?" Faridatu ta tambaya, hawaye a idonta.

"Don ke." Ya dube ta. "Don hotonki da littafinki. Akwai takarda ɗaya a ciki, cikin na Tanimu. Na gan ta shekara ashirin da suka wuce, na mayar ƙasan akwatin, don ba mai karanta tsohon ajami a cikinmu sai ni. Takardar 'yanci ce. Tanimu ya rubuta ta da hannunsa a ofishin Bature, wa wata baiwar gidan nan, don wansa Yahuza ya aure ta. Asiatu."

"Asiatu kakarka?" in ji Alhaji Osman. "Wadda kuke cewa 'yar malaman Katsina ce?"

Malam ya rufe ido. "A kasuwar nan aka saye ta. Ita da ƙanwarta. Ita aka 'yanta aka kai Yendi, ƙanwar aka bari a nan tana shara."

Ba wanda ya tambayi sunan ƙanwar. Kowa ya juya ya dubi Iya Memuna.

"Anisatu," in ji ta. "Kakata."

"Kin sani?" Zibrim ya tambaya, ko da yake jim ɗin nan na kan wake ya riga ya ba shi amsa.

"Tun ina 'yar shekara tara. Tana tsefe mini kai ta gaya mini, ta ce in riƙe bakina, yayarta ta sami rufin asiri, kada mu yaye mata." Ta dubi Malam, ba da tsawa ba. "Na gan ka ranar Juma'a ta tagar madafa, riga ta yi maka ciki. Na ce a raina, bari in tafi kawai, tsohuwa ce ni, ko'ina na kwanta ƙasa ce. Yaya Abdul-Manan, shekara arba'in kana zuwa gidan nan kana ce mini jinin bayi. Ka san abin da ke hana ni ramawa? Duk sanda ka faɗa, kai nake ji wa ciwo."

Hajiya Barikisu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Na kan katanga suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, don abin ya wuce kallo.

Alhaji Osman ya taka da kansa ya ɗauki ƙullin kayan. Ya tsaya riƙe da shi kamar bai san inda ake ajiye irinsa ba.

"Memuna, na zalunce ki. Ki yafe mini." Ya cire igiyar makullin daga wuyansa ya miƙa mata. "In akwati ya dawo, ke za ki buɗe wa yarinyar nan. Takardar kakanninki ce, ke za ki ce a ɗauki hotonta ko a bari."

Ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu.

"A ɗauka," in ji ta. "A rubuta sunayensu su biyu. Kusa da juna."

Malam Abdul-Manan ya zo gabanta. Ya durƙusa, rawaninsa ya kusa taɓa ƙasa, ya daɗe a haka. Sai da ta ce, "Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce," sannan ya tashi. Ya ce wa Samed ya tayar da mota, za su Yendi su dawo kafin magariba.

Faridatu ta kawo wa Zibrim koko da ƙosai, ya ce a ajiye. Yana zaune a kan turmi yana kallon ƙasa, don shi dai ita ya yarda da ita. Daga inda Iya Memuna take tsaye har zuwa ƙofar zaure akwai sabon sawu, ba takalmi, gajeren taku, yatsu kafin diddige, fuska gare ta. Takalman Malam suna nan jere a bakin ɗakin, ya manta da su.